Yaƙe-yaƙen haɗin kan Jamus da na Italiya a ƙarni na 19: tambayoyi da amsoshi

A 1847 babu dunƙulalliyar ƙasa mai suna Jamus ko Italiya a taswirar Turai. Zuwa 1871 dukansu biyu sun tsaya da ƙafafunsu, kowacce da sarkinta da majalisarta da rundunarta. Yaƙi bayan yaƙi ne ya cike tsakanin waɗannan shekaru, kuma wanda ya bi labarin a tsanake zai lura cewa da yawa cikin waɗanda aka kashe da sunan haɗin kai, 'yan'uwansu ne suka kashe su.

To kafin nan, me ke akwai a wuraren?

Mutanen suna nan, harsunan suna nan, gwamnati ɗaya ce babu. Bayan an ci Napoleon na Ɗaya da yaƙi, manyan ƙasashen Turai sun zauna a Vienna daga 1814 zuwa 1815 suka sake rabon nahiyar. Masu jin Jamusanci aka zuba su cikin wata tarayya maras ƙarfi mai ƙasashe 39, wadda majalisarta ke zama a Frankfurt ƙarƙashin shugabancin Ostiriya. Manyan cikinta biyu ne, Ostiriya da Prussia. Sai matsakaita irin su Bavaria da Saxony da Hanover da Württemberg, sai ƙananan masarautu da biranen 'yan kasuwa kamar Hamburg da Bremen. Kowa da kuɗinsa, kowa da sojansa, kowa da shingen karɓar kuɗin fito. A 1834 Prussia ta jagoranci kafa tarayyar kwastam wadda ta ɗauke shingayen tsakanin akasarin ƙasashen, aka bar Ostiriya a waje. Ke nan kasuwa ta riga siyasa haɗuwa da shekaru fiye da talatin.

Italiya ko irin wannan tarayyar ba ta samu ba. Lombardy da Venetia a arewa suna hannun Ostiriya kai tsaye. Tuscany da Modena da Parma suna hannun sarakuna masu jingina da ita. Tsakiyar Italiya kuwa Fafaroma ne ke mulkinta daga Roma, kudu kuma, wato Naples da tsibirin Sicily, tana hannun gidan sarautar Bourbon. Masarauta ɗaya ce ke da ɗan 'yancin kanta da sojan kirki, ita ce Piedmont mai hedikwata a Turin, wadda a hukumance ake kira Masarautar Sardinia.

Abokin gaba ɗaya ne a labaran biyu: Ostiriya. Duk wanda zai haɗa kan Jamus ko Italiya sai ya kawar da ita daga hanya.

Wa ya fara kiran haɗin kai, sarakuna ko jama'a?

Jama'a, musamman ɗalibai da lauyoyi da malamai da 'yan jarida da masu sana'a na birane. Sarakuna a farko tsoron kiran suke yi, domin masu yin sa suna haɗa shi da neman tsarin mulki da zaɓe. A Italiya babban mai wannan wa'azi shi ne Giuseppe Mazzini, wanda ya kafa ƙungiyar matasan Italiya a 1831 yana gudun hijira a Marseille. Burinsa jamhuriya ɗaya da talakawa za su kafa da hannunsu. An yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, ya kuma ƙare mafi yawan rayuwarsa a ƙasashen waje.

Me ya faru a 1848, kuma me ya sa abin ya ci tura?

A shekarar bore ya mamaye Turai. Mutanen Milan suka yi kwana biyar suna fafatawa a kan tituna cikin watan Maris har suka kori sojojin Ostiriya. Venice ta ayyana jamhuriya ƙarƙashin Daniele Manin. Sarkin Piedmont, Charles Albert, ya shiga yaƙin, amma tsohon janar ɗin Ostiriya Radetzky ya doke shi a Custoza a Yulin 1848, ya sake doke shi a Novara ranar 23 ga Maris 1849. Sarkin ya yi murabus ya bar wa ɗansa Victor Emmanuel na Biyu gadon sarauta. A Roma Fafaroma Pius na Tara ya gudu, aka kafa jamhuriya a 1849 da Mazzini cikin shugabanninta da Garibaldi cikin masu kare ta, sai sojojin Faransa suka zo suka murƙushe ta a watan Yuli. Venice ta miƙa wuya a Agusta bayan yunwa da cutar kwalara sun gama da ita.

A Jamus kuwa zaɓaɓɓun wakilai suka taru a cocin St. Paul na Frankfurt suka rubuta tsarin mulki. Sun daɗe suna gardama a kan ko za a haɗa da Ostiriya ko a bar ta. Daga ƙarshe suka miƙa wa sarkin Prussia, Friedrich Wilhelm na Huɗu, sarautar Jamus a Afrilun 1849, ya ƙi karɓa domin ba ya son sarautar da ta fito daga hannun majalisar jama'a. Majalisar ba ta da soja ko ɗaya da za ta tilasta wa kowa, ta watse.

A ganina nan ne aka yi babbar asara. Da haɗin kan ya zo ta hannun waɗannan majalisu, da wata irin Jamus da wata irin Italiya aka samu. Darasin da mutane suka ɗauka daga faɗuwar shi ne cewa aikin sai da runduna da kuma ƙawa daga waje, kuma masu runduna su ne sarakuna.

Ta yaya ƙaramar Piedmont ta iya karɓe Lombardy daga Ostiriya?

Da ƙarfin Faransa. Camillo Cavour, wanda ya zama firaministan Piedmont a 1852, ya gane cewa ƙasarsa ita kaɗai ba za ta iya ba. Ya shimfiɗa layukan jirgin ƙasa, ya gyara kuɗi da soja, ya tura dakaru yaƙin Crimea a 1855 su taya Birtaniya da Faransa domin ya sami kujera a taron sulhu na Paris a 1856. A Yulin 1858 ya gana da sarkin Faransa Napoleon na Uku a asirce a garin Plombières. Suka shirya cewa Faransa za ta taimaka idan Ostiriya ce ta fara kai hari, ladanta kuma yankunan Savoy da Nice.

Cavour ya yi ta tsokana har Ostiriya ta aiko da wa'adi a Afrilun 1859, ta kuma tsallaka iyaka. Faransa ta kwaso dakarunta, da yawansu a jirgin ƙasa. Aka gwabza a Magenta ranar 4 ga Yuni, sannan a Solferino ranar 24 ga Yuni, Ostiriya ta sha kashi a duka biyun. Sai Napoleon na Uku ya tsaya cak. Yawan gawarwaki ya girgiza shi, ga Prussia tana tara soja a bayansa, ga manyan ganuwoyin Ostiriya a gabansa. Ya yi sulhu a Villafranca ranar 11 ga Yuli ba tare da ya shawarci Cavour ba. Piedmont ta sami Lombardy, Venetia ta ci gaba da zama hannun Ostiriya. Cavour ya fusata ya ajiye aiki, ya dawo a Janairun 1860.

Kafin ya dawo mutanen Tuscany da Parma da Modena da yankin Romagna sun riga sun kori masu mulkinsu. A Maris 1860 suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka shiga Piedmont. A watan ne kuma aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar miƙa wa Faransa Savoy da Nice, garin da aka haifi Garibaldi. Bai taɓa yafe wa Cavour wannan ba.

Da gaske ne Garibaldi ya ci masarauta guda da mutum dubu?

Da mutum dubu da 'yan kai ya fara. Giuseppe Garibaldi matuƙin jirgin ruwa ne da ya koyi yaƙin sari-ka-noƙe a Brazil da Uruguay. A farkon Mayun 1860 ya tashi daga Quarto kusa da Genoa cikin jiragen ruwa biyu, da 'yan sa kai masu jajayen riguna, akasarinsu matasan biranen arewa, riƙe da tsofaffin bindigogi. Suka sauka a Marsala ta Sicily ranar 11 ga Mayu, suka ci sojan Bourbon a Calatafimi bayan kwana huɗu, kafin ƙarshen watan suna cikin Palermo. Ranar 7 ga Satumba Garibaldi ya shiga Naples a jirgin ƙasa da mutane kaɗan, domin sarki Francis na Biyu ya riga ya fice.

Amma dubun nan ba su kaɗai suka yi aikin ba. Manoman Sicily sun riga sun tayar da bore, suna fatan a raba musu gonaki. Dubban 'yan sa kai sun biyo baya daga arewa da makamai. Hafsoshin Bourbon da yawa sun yi sanyi, wasu suka sauya sheƙa. Birtaniya, wadda jiragen yaƙinta ke yankin, ba ta hana shi tsallakawa ba. A yaƙin kogin Volturno a farkon Oktoba rundunarsa ta haura mutum 20,000.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A garin Bronte cikin watan Agusta, manoma sun far wa masu gonaki suka kashe wasu, sai na hannun daman Garibaldi, Nino Bixio, ya zo ya sa aka harbe mutum biyar bayan gajeriyar shari'a. Tun daga nan talakan kudu ya fara gane cewa sabuwar ƙasar ba gona ta zo raba masa ba.

Me ya sa ya miƙa abin da ya ci ga sarki?

Cavour ya ji tsoron Garibaldi zai wuce Roma ya jawo yaƙi da Faransa, ko kuma ya kafa jamhuriya a kudu. Sai ya tura sojan Piedmont suka ratsa ƙasar Fafaroma, suka ci dakarunsa a Castelfidardo ranar 18 ga Satumba, suka tari Garibaldi. Zaɓi biyu ya rage masa: ya yaƙi 'yan'uwansa ko ya miƙa. Ya haɗu da Victor Emmanuel kusa da Teano ranar 26 ga Oktoba ya gaishe shi a matsayin sarkin Italiya, ya ƙi karɓar lada, ya koma gonarsa a tsibirin Caprera. Ranar 17 ga Maris 1861 aka ayyana Masarautar Italiya a Turin. Sarkin bai sauya lambarsa zuwa na Ɗaya ba, ya ci gaba da zama na Biyu, abin da ya nuna wa mutane cewa Piedmont ce ta faɗaɗa. Cavour ya mutu ranar 6 ga Yuni, ƙasa da wata uku bayan haka.

Wane ne Bismarck, kuma ina maganar ƙarfe da jini ta samo asali?

Otto von Bismarck ɗan gidan masu manyan gonaki ne na Prussia, mai ra'ayin riƙau, wanda ya yi jakadanci a Frankfurt da St. Petersburg da Paris. Sarki Wilhelm na Ɗaya ya naɗa shi firaminista a Satumban 1862 lokacin da majalisa ta ƙi amincewa da kuɗin faɗaɗa soja. Ranar 30 ga watan ya gaya wa kwamitin kasafin kuɗi cewa manyan matsalolin zamani ba jawabai da rinjayen ƙuri'a ne za su warware su ba, ƙarfe da jini ne. Daga nan ya ci gaba da karɓar haraji yana kashewa a kan soja shekara huɗu ba da yardar majalisa ba. Bayan nasarar 1866 majalisar ta yi doka ta wanke shi. Masu neman 'yanci da yawa da suka ƙi jininsa sun sallama masa saboda ya kawo musu abin da suka kasa samu a 1848.

Bismarck mai kishin Prussia da sarkinta ne tun kafin ya zama mai kishin Jamus. Kishin ƙasa makami ne da ya tsinta ya yi aiki da shi.

Me ya haɗa su da Denmak?

Yankuna biyu, Schleswig da Holstein, da sarkin Denmak ke riƙe da su alhali Jamusawa suna da yawa a ciki. A Nuwamban 1863 Denmak ta yi tsarin mulkin da ya haɗe Schleswig da ita, saɓanin yarjejeniyar da ta gabata. Prussia da Ostiriya suka kai hari tare a Fabrairun 1864, sojan Prussia ya fasa ganuwar Dybbøl ranar 18 ga Afrilu, Denmak ta sallama yankunan a Oktoba. Yadda za a mulke su kuma ya zama dalilin faɗa na gaba.

Me ya sa ake ɗaukar yaƙin 1866 a matsayin mafi muhimmanci?

Domin shi ne ya yanke wanda zai mallaki Jamus, kuma yaƙin basasa ne ko da ba a cika kiransa haka ba. Bavaria da Saxony da Hanover da Württemberg da Baden duk bayan Ostiriya suka bi. Bismarck kuma ya ƙulla ƙawance da Italiya a Afrilun 1866 domin Ostiriya ta raba rundunarta gida biyu, kudu da arewa.

Babban hafsan Prussia, Helmuth von Moltke, ya baza rundunoninsa ta layukan jirgin ƙasa daban-daban, yana ba da umarni ta wayar tangaraho, da nufin su haɗu a fagen daga. Ranar 3 ga Yuli aka yi karon a Königgrätz, wanda yanzu yake cikin ƙasar Czech, da mayaƙa sama da 400,000 a ɓangarorin biyu. Da safe igwogin Ostiriya sun tsayar da Prussia. Da rana rundunar yariman Prussia mai jiran gado ta iso ta gefe, sahun Janar Benedek na Ostiriya ya karye. Bindigar sojan Prussia ta gindi ake ɗura mata harsashi, don haka yana iya harbi a kwance, sau da yawa kafin ɗan Ostiriya, wanda ke ɗura tasa ta baki, ya sake harbi ɗaya. Ostiriya ta rasa mutum sama da 40,000 tsakanin matattu da raunana da kamammu, Prussia kimanin 9,000. Cikin mako bakwai an gama.

Abin da ya biyo baya ya fi yaƙin nuna basirar Bismarck. Sarki Wilhelm da janar-janar sun so su shiga Vienna su yanki ƙasa. Bismarck ya kafe cewa kada a wulaƙanta Ostiriya, domin wata rana za a buƙace ta, kuma idan aka ja lokaci Faransa za ta sa baki. Yarima ya goyi bayansa, sarki ya haƙura da ƙyar. A yarjejeniyar Prague ta 23 ga Agusta Prussia ba ta karɓi ko taƙi ɗaya na ƙasar Ostiriya ba, amma an fitar da ita daga harkokin Jamus. Sassaucin bai kai ga ƙananan ba. Prussia ta haɗiye Hanover da Hesse-Kassel da Nassau da birnin Frankfurt da Schleswig-Holstein ba tare da an tambayi mutanensu ba. Sarkin Hanover, George na Biyar, wanda makaho ne, ya mutu a gudun hijira, aka kuma riƙe dukiyarsa. A 1867 aka kafa Tarayyar Arewacin Jamus, ƙasashen kudu kuma aka ɗaure su da yarjejeniyar soja ta asiri.

Italiya fa, me ta samu a wannan yaƙi?

Venetia, duk da ta sha kashi. Ostiriya ta ci ta a ƙasa a Custoza ranar 24 ga Yuni, ta ci ta a teku a Lissa ranar 20 ga Yuli. Garibaldi ne ya sami 'yar nasara a Bezzecca kafin a umarce shi ya janye. Ostiriya ta miƙa Venetia ga Faransa, ita kuma ta miƙa wa Italiya. Wannan ya bar ɗaci a zukatan hafsoshi da 'yan siyasar Italiya, suka daɗe suna neman fagen da za su wanke sunan sojansu.

Wa ya jawo yaƙin Faransa da Prussia na 1870?

Laifin na ɓangarorin biyu ne. Sifaniya ta tsige sarauniya Isabella ta Biyu a 1868 tana neman sabon sarki, Bismarck ya ƙarfafa takarar Yarima Leopold, dangin sarkin Prussia. Faransa ta ga za a kewaye ta gabas da kudu, ta yi barazana, Leopold ya janye ranar 12 ga Yuli. Da a nan aka tsaya, da Faransa ta yi nasara ba tare da harbi ba. Sai gwamnatinta ta tura jakadanta Benedetti ya tari Wilhelm a garin Ems ya nemi alkawarin cewa ba za a sake irin wannan takara ba har abada. Sarkin ya ƙi cikin ladabi, aka aika wa Bismarck labarin ta waya ranar 13 ga Yuli. Bismarck ya taƙaita saƙon yadda kowane ɓangare zai ji an ci mutuncinsa, ya bai wa jaridu. Faransa ta ayyana yaƙi ranar 19 ga Yuli. Tun da ita ce ta fara, ƙasashen kudancin Jamus suka bi Prussia, sauran Turai kuma ta zuba ido.

Ta yaya Faransa ta faɗi da sauri haka?

Bindigar sojanta, Chassepot, ta fi ta Jamusawa cin nisa. Abin da ta rasa shi ne shiri. Jamus ta kai dubban ɗaruruwan dakaru iyaka bisa jadawalin da aka tsara tun da daɗewa, alhali sojojin Faransa suna yawo tsakanin tashoshi suna neman rundunoninsu. Igwogin ƙarfe na kamfanin Krupp kuma sun fi na Faransa. Aka yi wa rundunar kwamandan Faransa Bazaine ƙawanya a Metz, wadda ta zo ceto aka rutsa da ita a Sedan. Ranar 2 ga Satumba Napoleon na Uku ya miƙa wuya, aka kama sojoji kimanin 100,000. Bayan kwana biyu Paris ta ayyana jamhuriya.

Yaƙin bai ƙare a nan ba, kuma kashi na biyu ya fi muni ga farar hula. An kewaye Paris daga 19 ga Satumba zuwa 28 ga Janairu 1871. Minista Léon Gambetta ya fice a balan-balan ya tara sababbin rundunoni a larduna, Garibaldi ma ya zo ya yi wa jamhuriyar yaƙi a wajen Dijon. Mutanen birnin suka ci dawakai da ɓeraye har da dabbobin gidan zu, sanyi da cuta suka kashe yara da tsofaffi. Faransa ta rasa sojoji kimanin 140,000, Jamus sama da 40,000. Bayan sulhu kuma sojan Faransa ya kashe dubban 'yan ƙasarsa wajen murƙushe boren Paris a Mayun 1871.

Ranar 18 ga Janairu 1871, ana tsaka da luguden wuta a kan Paris, sarakuna da hafsoshin Jamus suka taru a zauren madubai na fadar Versailles suka ayyana Wilhelm a matsayin Kaiser, wato sarkin sarakunan Jamus. Takardar da ta roƙe shi ya karɓi sarautar, sarkin Bavaria Ludwig na Biyu ne ya sa mata hannu, Bismarck ne ya tsara ta, aka kuma riƙa biyan Ludwig kuɗi a asirce. Yarjejeniyar Frankfurt ta 10 ga Mayu ta ba Jamus Alsace da wani ɓangare na Lorraine da diyyar kuɗin Faransa, faran biliyan 5. Ƙwace waɗannan yankuna kuskure ne mai tsada, domin ya mai da Faransa abokiyar gaba ta dindindin. A wancan zaure na Versailles aka sa Jamus ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar shan kayenta a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Yaushe Roma ta shiga Italiya?

Sau biyu Garibaldi ya nufe ta. A 1862 sojan Italiya ne da kansa ya harbe shi a ƙafa a Aspromonte, a 1867 sojojin Faransa da na Fafaroma suka doke shi a Mentana. Da yaƙin 1870 ya tilasta wa Faransa kwashe dakarunta, sojan Italiya ya fasa ganuwa kusa da ƙofar Porta Pia ranar 20 ga Satumba, waɗanda suka mutu ba su kai ɗari ba. Roma ta zama babban birni a 1871, bayan Turin da Florence. Pius na Tara ya ƙi amincewa da sabuwar ƙasar, ya kulle kansa a Vatican, rikicin bai warware ba sai 1929.

Jama'a sun yi murna da haɗin kan?

Wasu sun yi, da gaske kuma. Amma a kudancin Italiya shekarun farko na jini ne. Dokokin Piedmont da harajinta da tilasta wa matasa shiga soja sun sauka a kan mutanen da ba su ma jin harshen jami'an da aka turo musu. Masana sun ƙiyasta cewa masu iya daidaitaccen Italiyanci a 1861 suna tsakanin kashi 2.5 da kashi 10 cikin ɗari, masu ikon zaɓe kuwa kimanin kashi 2. Tsofaffin sojojin Bourbon da manoma suka hau duwatsu. Gwamnati ta kira su 'yan fashi, ta tura soja sama da 100,000, ta yi dokar kotunan soja a 1863. An ƙone garuruwan Pontelandolfo da Casalduni a Agustan 1861. Palermo ta yi bore a 1866. Cikin shekarun da suka biyo baya miliyoyin 'yan Italiya suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ajantina da Brazil, kuma ratar arziki tsakanin arewa da kudu tana nan har yau.

A Jamus kowane namiji ɗan shekara 25 ya sami ƙuri'a, amma majalisar ba ta da ikon tsige shugaban gwamnati, soja kuma Kaiser yake yi wa biyayya. Prussia ce ke da kusan kashi biyu cikin uku na faɗin ƙasar. Da zarar an gama da maƙiyan waje Bismarck ya juya kan 'yan Katolika, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a, aka ɗaure limamai da bishop-bishop. A 1878 ya koma kan 'yan gurguzu. 'Yan Poland da 'yan Denmak da mutanen Alsace sun tsinci kansu cikin ƙasar da ba su zaɓa ba, miliyoyin Jamusawan Ostiriya kuma aka bar su a waje.

Gaskiya ne Red Cross daga waɗannan yaƙe-yaƙe ta fito?

Gaskiya ne. Wani ɗan kasuwar Geneva, Henry Dunant, ya iso yankin Solferino a 1859 ya tarar da dubban raunana a yashe. Ya haɗa kai da matan garin Castiglione suka yi jinyarsu ba tare da tambayar ɓangaren da suka yi wa yaƙi ba. Kiran da ya yi bayan haka ya kai ga kafa kwamitin agaji a 1863 da yarjejeniyar Geneva ta farko a 1864. Alamar jinjirin wata kuma, wadda ake sawa a madadin alamar Red Cross, Turkawa ne suka fara aiki da ita a 1876.

Wannan tarihi ya taɓa Afirka kuwa?

Ya taɓa ta tun ana cikin yaƙin. Sojojin Aljeriya Musulmi sun yi wa Faransa yaƙi a Italiya a 1859, sun kuma mutu da yawa a Wissembourg da Wörth a Agustan 1870. Da labarin faɗuwar Faransa ya isa Aljeriya, babban bore ya tashi a 1871 ƙarƙashin El Mokrani, aka murƙushe shi aka ƙwace gonaki masu yawa.

A ƙasashenmu kuma ana iya ganin sauyin ta hanyar baƙi biyu. Heinrich Barth, ɗan Hamburg, ya zo Kano da Yola a 1851 cikin ayarin da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, lokacin da babu wata Jamus da za ta aiko shi. Gustav Nachtigal ya isa Kukawa a 1870 da kyaututtukan sarkin Prussia ga Shehu Umar na Borno. Shi ne kuma a Yulin 1884 ya kafa tutar Jamus a gaɓar Togo da Kamaru. A Nuwamban shekarar Bismarck ya buɗe taron Berlin da ya shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka. Yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 1893 ta bar Yola a ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasar Adamawa a ɓangaren Jamus. Ingilishi suka ci Yola a 1901, Jamusawa suka ci Garwa a ƙarshen shekarar da Marwa a farkon 1902.

Italiya ta kama Massawa a 1885, ta kafa mulkin mallaka a Eritiriya a 1890, sannan Sarki Menelik na Habasha ya karya rundunarta a Adwa ranar 1 ga Maris 1896. A 1911 ta far wa Tarabulus, tashar da ayarin raƙuman Kano suka daɗe suna kai fatu da hauren giwa da gashin jimina, ta kuma yi shekara ashirin tana yaƙi da mutanen Libiya har ta rataye Umar Mukhtar a 1931.